Garwar Kananzir da Mutanen da Teku Ta Haɗiye

Kafin jarkar roba ta zo, garwa ce ke mulki a bakin rijiya. Tsofaffin Sakwa da Katagum da Azare ba sa bukatar a siffanta musu ita: gwangwani ne mai kusurwa huɗu, mai cin galan huɗu, ana kawo su biyu-biyu cikin akwatin katako, cike da kananzir ko fetur. In man ya ƙare sai a yanke mata baki, a gitta itace a tsakiya a buga masa ƙusa, ta koma ta ɗiban ruwa. In ta ɓule, maƙeri ya yayyanka ta ya fitar da fitila ko mazurari. Akwatin ma ba a yar da shi, kujera ce ta baƙo.

Abin da ba kasafai ake tunawa ba shi ne hanyar da man cikinta ya biyo. Sai a 1956 aka dace da mai a Oloibiri, matatar Fatakwal kuma ba ta fara aiki ba sai 1965. Ke nan a zamanin Yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945, duk ɗigon kananzir da aka tsiyaya a fitila a ƙasar Katagum, da duk galan ɗin fetur da babbar mota ta sha a hanyar Kano zuwa Maiduguri, ta teku ya iso. Wasu mutane ne suka tuƙo shi, wasu kuma suna ƙarƙashin ruwa suna farautarsu.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1940, wani jirgin dakon manja mai suna Congonian yana tafe a Tekun Atlantika, daura da gaɓar Saliyo. Na kamfanin UAC ne, wato kamfanin nan da ya gaji tsohon Kamfanin Neja, wanda dillalansa irin su Alhassan Ɗantata ke sayen gyaɗa a faɗin ƙasar Hausa. Jirgin Jamus mai nutso, mai lamba U-65, ya sakar masa nakiya ya nutsar da shi. Wani jirgin yaƙin Ingila ya tsinto ma'aikatan ya kai su Firitawun ta Saliyo. Da aka ƙidaya, mutum ɗaya babu.

A lissafin yaƙin da ya cinye mutane miliyoyi, mutum ɗaya ko ƙura bai isa ya tayar ba, kuma littattafan tarihin yaƙin teku a layi guda suke gamawa da shi. Amma shi wannan ba soja ba ne. Ma'aikacin jirgin 'yan kasuwa ne, ɗan ƙwadago, wanda aikinsa kai kaya daga wannan tasha zuwa waccan, kamar yaron mota ko direban tirela a yau. Bai sa kaki ba, bai ci albashin soja ba. Irinsa fiye da 30,000 ne suka mutu a jiragen kasuwancin Ingila kafin yaƙin ya ƙare, kuma in aka auna da yawan masu aikin, mutuwa ta fi yi musu ɓarna fiye da yadda ta yi wa sojan ƙasa ko na ruwa ko na sama.

Me ya kawo Jamusawa gaɓar Afirka ta Yamma? A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi, Italiya kuma ta shiga yaƙin a ɓangaren Hitila. Wannan ya rufe wa jiragen kasuwancin Ingila Bahar Rum, gajeriyar hanyarsu zuwa mashigin Suwez da rijiyoyin man Farisa. Dole suka koma zagayowa ta ƙasan Afirka ta Kudu, su hauro ta gaɓar yamma. Firitawun, mai faffaɗar tasha da Allah Ya yi ta ba da hannun mutum ba, ta zama zangon da kowa ke yada kaya. A nan ake tara jirage a haɗa ayari, a ba su 'yan rakiya masu bindiga, su doshi Ingila tare.

Duk wanda ya ji labarin fatake na hanyar Gwanja ya san hikimar abin, ya kuma san sauran zancen: ɗan fashi ba ya tarar ayari gaba da gaba, jakin da ya gaji ya koma baya yake jira.

Haka ta faru da British Premier, tankar ɗanyen mai ta kamfanin British Tanker Company, reshen sufuri na kamfanin da daga baya ya zama BP. Ta yi lodi a Abadan ta ƙasar Iran, kimanin tan 8,000, wato abin da zai cika tankokin mota wajen 280 irin masu lita 33,000 da muke gani a titi. Swansea ta nufa a Birtaniya. Tsohuwa ce, ƙirar 1922, tafiyarta ba ta wuce gudun mai keke ba, kuma ta rabu da ayarinta. Ranar 24 ga Disamba, 1940, jajiberin Kirsimeti, kimanin mil 200 kudu maso yamma da Firitawun, U-65 ɗin nan dai da ya nutsar da Congonian ya cim mata. Mutum 45 ne a cikinta. Kyaftin ɗin da wasu 31 ba a sake ganinsu ba.

Nakiyar da ake kira tofido ƙaramin jirgi ne mai tuƙa kansa. Tsawonta ya kai mita bakwai, nauyinta kusan tan ɗaya da rabi, a goshinta kuma akwai abin fashewa kilo 280, kusan nauyin buhun siminti shida. Tana da farfela a wutsiya, tana gudun da ya haura kilomita 50 a awa, 'yan mitoci ƙasa da fuskar ruwa. Mai aiki da iska takan bar layin kumfa a bayanta, wanda mai tsaro in idonsa na da kaifi zai iya hangowa; mai aiki da batir kuwa ko alama ba ta bari. Abin da ya sa ta fi harsashin igwa muni shi ne inda take duka. A ƙasan ruwa take fasa jirgi, inda ruwan da kansa ke danne ƙarfin fashewar ya tura shi ciki, sai ta buɗe ƙofar da babbar mota za ta iya shigewa.

A jirgin da ya ɗauko gyaɗa ko auduga, abin tsoro ruwa ne. A tanka kuwa, ruwa da wuta ne a haɗe. In fetur ta ɗauko, musamman na jirgin sama, sau da yawa ƙiftawa da bismilla jirgin ya zama wuta guda, sauran ayari su hango hasken daga nesa su san babu wanda za a je ɗauka. In ɗanyen mai ne ko baƙin mai, sai ya malale a kan teku ya yi kauri. Mai iyo ya shaƙe shi, ya rufe masa ido, ya ƙone masa huhu, jikinsa ya yi santsin da ko an miƙo masa hannu daga kwalekwale sai ya suɓuce. In man ya kama, tekun kanta ke ci, iska kuma tana kora wutar da saurin da ya fi na mai iyo. Tankar da ta juye kayanta ma ba ta tsira ba, don tururin man da ya rage a tankunanta ya isa ya tarwatsa ta. Masu aiki a ɗakin inji, can ƙasa da layin ruwa, su ne na farkon tafiya: fitilu sun mutu, tsani ya karye, bututun tururi ya fashe, ruwa yana shigowa. Shi ya sa ma'aikata da yawa ke kwana da tufafinsu a jiki, rigar iyo a matashi, ƙofa a buɗe.

Mutum 13 suka fita daga British Premier da rai. Tara daga cikinsu jirgin yaƙi HMS Hawkins ya tsince su ranar 3 ga Janairu, 1941, bayan kwana goma a kan ruwa. Sauran huɗun sai 3 ga Fabrairu jirgin HMS Faulknor ya gamu da su. Kwana 41 suka yi cikin kwalekwalen ceto, 25 daga ciki ba su sa loma a baki ba.

Masuntan kogin Jama'are, da mutanen Zaki da ambaliya kan tilasta wa shiga kwalekwale da damina, sun san fargabar ruwa, amma ko a tsakiyar ambaliya ana hango kan bishiya, kuma ruwan da ya kewaye mutum ana iya shansa. Na teku gishiri ne, wanda ya sha ƙishirwarsa ƙaruwa take har hankali ya gushe. Guzurin kwalekwalen ceto a wancan lokaci bai wuce 'yar gangar ruwa da busasshen biskit da gwangwanin madara ba, biskit ɗin ma ba ya haɗiyuwa a busasshen maƙogwaro. Da rana zafi, da dare sanyi, fata tana tsagewa da gishiri. Lokacin kuma hunturu ne. Ƙurar nan da ke turnuƙe Sakwa a watan Disamba da Janairu, ta hana ganin ƙarshen gona, ita ce iska ke ɗauka har kan tekun Saliyo ta zama hazo, ɗan kwalekwale ya ɓace wa mai nema a cikinsa.

Ga kuma wani abin takaici da ya fi kama da zalunci. A dokar da ake bi a lokacin, kwantiragin ma'aikaci da jirgi aka ƙulla shi, saboda haka ranar da jirgi ya nutse, kamfani na da ikon tsayar da albashi a ranar. Kwanakin da mutum ya yi yana fama da ƙishirwa a kwalekwale, a takarda kwanakin zaman banza ne. Sai a watan Mayun 1941 gwamnatin Ingila ta gyara wannan, kuma ba tausayi kaɗai ya sa ta ba: ma'aikata sun fara gudun aikin, ba kuma yadda za a ci yaƙi babu su.

Tutar jiragen ta Ingila ce, amma ma'aikatan daga ko'ina suke. Akwai Indiyawa da Sinawa, akwai Larabawan Yaman da Somalawa, Musulmi da yawa a cikinsu, akwai kuma 'yan Afirka ta Yamma. Ƙabilar Kuru ta Laberiya da Saliyo ta daɗe da yin suna a aikin teku, kamfanin Elder Dempster kuma, wanda ya mamaye sufuri tsakanin Libaful da Legas, yana ɗiban ma'aikata a Legas da Firitawun. Aikin da aka fi ba su shi ne zuba kwal a tanderun inji da hidimar fasinja, a kan albashin da bai kai na Bature mai aiki iri ɗaya ba. Wato mafi ƙarancin kuɗi a wuri mafi hatsari. A 1940 wasu daga cikinsu suka yi yajin aiki a Libaful a kan wannan.

Elder Dempster ya ji jiki. An nutsar da Accra a Yulin 1940, jirgin sama ya jefa wa Apapa bam a Nuwamban shekarar, Adda ya tafi a Yunin 1941 kusa da Firitawun, a cikin sintirin nan na U-107 da ya halaka jirage 14 a fita ɗaya. Mafi muni shi ne Abosso, babban jirgin fasinjan kamfanin, wanda kafin yaƙi shi ke kawo wasiƙu da joji-joji da razdan-razdan daga hutu. Ranar 29 ga Oktoba, 1942, U-575 ya same shi shi kaɗai ba rakiya a tsakiyar Atlantika. Mutum 393 ne a ciki, 31 suka tsira, dukkansu a kwalekwale guda.

Daga Legas zuwa Kano a jirgin ƙasa ya haura kilomita 1,100, daga Kano zuwa Azare kuma akwai wajen wasu 200, sannan a yanki arewa zuwa Sakwa. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan biri da gada. To, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Da jirage suka yi ƙaranci, kayan kanti suka ɗauke. Gishirin Turai ya yi wuyar da har yau masana tarihin Najeriya ke rubutu a kansa, yadi ya yi tsada, fetur ya koma sai da takardar izini, kananzir ya zama abin lallaɓawa. Aci-balbal da man gyaɗa, waɗanda fitilar ƙwai ta fara turewa gefe, suka dawo da martabarsu a ɗakuna da yawa.

Ta ɗaya ɓangaren kuma gwamnati ta matsa a noma gyaɗa. Da Japan ta ƙwace Malaya da tsibiran Indunusiya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun man girki da na sabulu, ta juyo kan Afirka ta Yamma: manja da ƙwarar manja daga Kudu, gyaɗa daga Arewa. A shekarar aka kafa hukumar da ke yanke farashi ta saye amfanin gona a madadin gwamnati, aka bi ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ana kiran talakawa su ƙara faɗin gona. Ƙasar Katagum, mai jigawa da gyaɗa ke so, tana tsakiyar wannan. Jakuna da raƙuma da 'yan motocin da suka sami fetur suna kwashe buhuna zuwa bakin dogo a Kano ko a layin Nguru. Dalar gyaɗa da ake alfahari da hotonta, wani ɓangare na tsayinta shaida ce ta cewa jirgin ƙasa ya kasa kwashewa. Manomin da ya sayar da buhunsa ya karɓi sulallansa ya gama nasa. Ko buhun ya isa Libaful ko yana ƙasan teku, wannan ya rage tsakanin ma'aikatan jirgi da masu farautarsu. A dare ɗaya tak, daga 30 ga Afrilu zuwa wayewar 1 ga Mayu, 1943, U-515 ya nutsar da jirage bakwai daga ayarin da ya taso daga Takoradi zuwa Firitawun.

Akwai kuma man jirgin sama, wanda ya fi kowane kaya hatsarin ɗauka. Tun daga Satumbar 1940 ake sauke jiragen yaƙi cikin akwatuna a Takoradi ta ƙasar Gana, a harhaɗa su, su tashi zango-zango ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, su ratsa Sudan zuwa Hartum, su gangara Masar inda aka gwabza da Rommel, kwamandan sojan Jamus. Fiye da jirage 5,000 suka bi wannan hanya. Kowane zango sai an tanadar masa fetur, wanda tanka ta kawo bakin teku, aka hauro da shi cikin durom da garwa. Jamusawa sun san darajarsa: a Janairun 1942 jirginsu guda ɗaya ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a ma'ajiyar man Fort Lamy ya ƙone ta.

'Ya'yan Arewa da kansu sun ratsa wannan ruwa. Sojan Najeriya, waɗanda Hausa ce harshen bariki a wurinsu, ta teku aka kai su Gabashin Afirka a 1940 don yaƙar Italiya, ta teku kuma runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Indiya a 1943 da 1944 a kan hanyarsu ta zuwa ƙasar Bama. Samarin da babban ruwan da suka taɓa gani bai wuce kogi da damina ba sun yi makonni a cikin jirgi, fitilu a kashe da dare, ana koya musu ɗaura rigar iyo da tsayawa a gaban kwalekwalensu in an busa ƙaho.

Har ƙofar gida farautar ta iso. A watan Maris na 1944, lokacin da Jamus ta riga ta fara jin jiki a teku, U-66 ya shigo ruwan Najeriya. Ranar 5 ga wata ya nutsar da jirgin John Holt, mallakar kamfanin da kowane ɗan kasuwar Kano ya san kantinsa, ya ɗauke kyaftin ɗin da wani fasinja ya tafi da su fursuna. Ranar 21 ga wata ya ƙara da Matadian, wata tankar manja ta UAC. Makonni kaɗan bayan haka reshe ya juye da mujiya. Ranar 6 ga Mayu, yamma da tsibiran Kef Bade, jirgin yaƙin Amurka USS Buckley ya rutsa U-66 da dare ya banke shi, har Jamusawa suka rinƙa tsallakowa kan jirgin Amurkawan ana dambe hannu da hannu, wasu Amurkawan da kofin shan kofi suke jifa. U-66 ya nutse, kuma fursunonin nan biyu, da suka tsira daga nutsewar jirginsu, suna cikinsa.

U-65 ma bai yi tsawon rai ba. A ƙarshen Afrilun 1941, wata huɗu bayan British Premier, aka nutsar da shi kudu da Aisland da duk mutum 50 da ke ciki. Kwamandan da ya jagorance shi a gaɓar Saliyo, von Stockhausen, ya riga ya bar shi kafin nan. Shi hatsarin mota ne ya kashe shi a Balin a 1943.

Ga Bahaushe, abin da ya fi ciwo a irin wannan mutuwa shi ne rashin gawa: ba wanka, ba likkafani, ba kabarin da za a nuna wa ɗa. Malamai kan kwantar wa dangi hankali da cewa wanda ruwa ya ci yana cikin masu shahada, amma fiƙihu bai tsaya nan ba, don akwai matar da aka bari. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala, matar wanda ya ɓace takan kai ƙara gaban alƙali, a bincika, in ba labari a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da ba a zaton irinsa na raye. Iyalan ma'aikatan jirgi, a Libaful ne ko a Aden ko a Legas, abin da kan iso musu 'yar takarda ce daga kamfani mai cewa jirgi ya ɓace kuma ana kyautata zaton mutuminsu ya mutu. Labarin mutum huɗun nan da suka bayyana bayan kwana 41 shi ne irin abin da ke hana uwa fid da rai.

A Landan, a Tower Hill, daura da tsohuwar hasumiyar birnin, akwai wani lambu da aka kewaye da allunan tagulla. Sunaye kusan 24,000 ne a jiki, na ma'aikatan jiragen kasuwanci da na kamun kifi da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu ba su da kabari. Ba a jera su bisa ƙasa ko addini ba, a ƙarƙashin sunan jirginsu aka sa kowa, kyaftin a sama, sauran bi da bi bisa harafi. Wanda ya bi harafin B zai daɗe bai fita ba, domin British Tanker Company kaɗai ya yi asarar tankoki 44 da ma'aikata 657, kuma kusan duk jiragensa da kalmar British sunansu ya fara. British Premier tana cikin wannan jerin, Abosso kuma yana can farkon bango, da dogon layin sunayensa.